Kaduna a Aljihun Kaftani: Yadda Aikin Hoton Fim Yake Tafiya

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Ƙananan kyamarori uku ne a hannuna, kuma da su zan yi aikin. Abin da na sa a gaba shi ne in ɗauki Kaduna a kan fim daga wannan hunturu zuwa ƙarshen damina mai zuwa, in wanke fim ɗin da hannuna a cikin garin nan, sannan duk wanda na ɗauka in mayar masa da hotonsa a kati. Sharaɗin ƙarshen nan ya fi min sauran nauyi.

Garin ne yake sauya fuska a gabanmu. An rushe tsohuwar gadar Kawo an gina sabuwa, tsohuwar Kasuwar Barci ta tafi a 2020, tituna da dama sun faɗaɗa sun cinye itatuwa da rumfunan da muka tashi muka gani. Na tambayi teloli da suka shekara ashirin suna ɗinki a Kasuwar Barci ko akwai mai hoton rumfarsa. Waɗanda suka ce sun ɗauka, a waya suka ɗauka, wayar kuwa ta mutu ko an sace ta. Amma hoton auren iyayenmu na shekarun 1970 yana nan a albam, ana ciro shi ana nuna wa jikoki.

Ta farko Olympus Pen EE-3 ce, na tsince ta wurin wani mai gwanjo a kasuwar Talata ta Kawo, cikin kwali ɗaya da tsofaffin rediyoyi. A 1973 aka fara ƙera irinta. Rabin gida take ɗauka: hoton fim na yau da kullum milimita 24 ne a 36, nata kuwa 18 a 24, saboda haka rol mai hoto 36 sai ya ba ka 72. Ba ta cin batir. Wani zobe ne na sinadarin seleniyam ya kewaye idonta, shi yake auna haske ya kuma samar da ɗan lantarkin da take bukata. Ta biyu Olympus XA2 ce ta 1980, mai murfi da ake zamewa gefe, wani abokin aikina ya ba ni aro har in gama. Dangin kyamarorin nan biyu duk daga hannun injiniya ɗaya suka faro, Yoshihisa Maitani na Japan, wanda ya zana Pen ta farko a 1959 da XA a 1979. Ta uku Kodak Pocket Instamatic ce ta kawuna, Allah Ya jiƙansa, tsarabar Makka. Siririya ce doguwa, fim ɗinta kuma daban ne, wanda ake kira 110. Ita sai daga baya.

Duka ukun suna shiga aljihun kaftani ba tare da sun ja rigar gefe guda ba.

Talata, 3 ga Disamba

Gyara. Soson da ake liƙawa a bakin ƙofar baya don hana haske shiga ya narke a Pen da XA2 duka, ya zama baƙin danƙo mai kama yatsa. Haka tsufa yake yi masa, ba a nan kaɗai ba. Na kankare shi da tsinken sakace da audugar da na jiƙa da sifirit, na cusa baƙin zaren ulu a cikin siraran ramukan, wajen maƙalar ƙofa kuma na liƙa yankin baƙin yadi mai laushi. Zaren ulu ba ya narkewa, kuma a kowace kasuwa ana samunsa.

Ganyayyakin ƙarfen da suke buɗe idon Pen su tsuke shi sun manne da tsohon mai. Wannan ya fi ƙarfin kayan aikina, sai na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwa. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Malam, rabona da irin wannan tun ana kashe kwabo. Ka bar min ita zuwa jibi, kada ka tsaya min a kai." Da na koma ya nuna min ganyayyakin guda biyu suna motsi sumul. Ya ce bai sa musu ko ɗigon mai ba, wanke su kawai ya yi, domin mai ne ciwonsu. Gaskiyarsa.

Ga yadda ake gane ko seleniyam yana da rai. Ka rufe idon da tafin hannu ka danna. Idan wani jan harshe ya taso a cikin madubin leƙawa kuma maɓallin ya ƙi sauka, tana aiki, tana gaya maka haske bai isa ba. Ka juya ta ga rana ka danna, sai ta ƙyafta. Tawa ta yi duka biyun. Tun daga ranar ba na barin ta babu murfi, don yawan shan haske da laima su ne suke kashe zoben.

XA2 batir biyu take ci, ƙanana irin na agogo. LR44 ne ya cika gari, yana kuma aiki, sai dai ƙarfinsa yana raguwa a hankali har awon haske ya fara karkacewa ba ka sani ba. SR44 yana riƙe ƙarfinsa har kusan mutuwarsa. Shi na sa aka nemo min.

Lahadi, 22 ga Disamba

Fim ya iso. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila ya taho min da Ilford FP4 Plus, baƙi da fari, dunƙule guda mai tsawon mita 30 da rabi, da garin ID-11 na wanki. Na roƙe shi kada ya sa fim ɗin a jakar da ake aunawa ta shiga cikin jirgi, don na'urar da take haska waɗancan jakunkuna tana ƙona fim, ya riƙe a hannu ya nemi a duba da ido. Dunƙule irin wannan yana ba da rol wajen 18. A Pen hoto sama da 1,200 ke nan. Da rol ɗai-ɗai zan riƙa saye, da aikin nan bai kai watan azumi ba.

Mai saurin 125 na zaɓa da gangan, wato lambar da take nuna yadda fim yake saurin kama haske. Pen gudun ƙyaftawa biyu kawai gare ta, ɗaya bisa 40 da ɗaya bisa 200 na daƙiƙa, idonta kuma ba ya tsukewa ya wuce 22. Fim mai saurin 400 a ranar Kaduna ta ƙarfe goma sha biyu ya kai ta iyakarta, babu sauran wurin juyawa idan farar riga ko kwanon rufi ya shigo hoton.

Ruwan fiksa, wanda yake tsayar da hoto ya cire sinadarin da haske bai taɓa ba, shi na yi zaton zai ba ni wahala, sai ga shi a cikin gari. Har yanzu akwai ƙananan asibitoci masu wanke hoton ƙashi da hannu, masu sayar musu da kaya kuwa suna ajiye fiksa. Aikinsa ɗaya ne da na hoton mutane. Ana gwada ƙarfinsa da guntun fim: ka jefa a ciki ka duba agogo, idan ya washe ya zama garau a minti biyu, to fim ɗinka minti huɗu zai yi. Abin lura shi ne yawancin fiksan asibiti yana da sinadarin da yake ƙarfafa fatar fim. A ƙasa mai zafi wannan alheri ne, amma sai an daɗe ana ɗauraya kafin ya fita.

Jiya da dare na toshe tagar banɗaki da bargo, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na zauna minti biyar har na tabbata ba na ganin tafin hannuna, sannan na naɗa fim da lalube a faifan tanki, wato ƙaramin kwanon wankin fim da haske ba ya shiga. Da asuba na auna ruwan randa, digiri 20 daidai, abin da takardar fim ɗin take nema ke nan. ID-11 rabi, ruwa rabi, minti 11, ina juya tankin sau huɗu a farkon kowane minti. Da na buɗe bayan fiksa na ɗaga shi ga kwan lantarki, ga titin Ahmadu Bello, ga masu lemo a gindin bishiya, ga hasumiyar Masallacin Sultan Bello, ƙanana ƙanana a jere, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Alhamdu lillahi. Babu inda haske ya ɓarko, zaren ulu ya riƙe.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Makonni uku ke nan ina zuwa tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu sarrafa tsofaffin ƙarafa. Nan aikin ya fara zama abin da nake so.

Ranar farko ban fito da kyamara ba. Na gaida shugabannin layin, na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, na zauna a benci wurin masu zubin tukwane. Mutanen nan sun gaji da masu zuwa da manyan kyamarori su ɗauki yaro cikin baƙin gawayi su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Wani maƙeri ya faɗa min a fili: "Malam, in dai don a nuna wa duniya muna cikin wahala ne, ka mayar da abarka aljihu. Mu sana'a muke yi." Na ce masa sana'ar na zo ɗauka, kuma hoton nasa ne kafin ya zama nawa.

Ƙaramar kyamara tana da wani alheri a irin wannan wuri. Ba ta rufe maka fuska, kuna hira kuna kallon juna, ka ɗaga ka danna ka sauke. Ƙararta ba ta kai ta bugun guduma ɗaya ba. Kuma tun da babu allon da za a duba a baya, ba wanda yake barin aikinsa ya zo ya ce a goge a sake. Pen ba a saita mata nisa, duk abin da ya wuce mita ɗaya da rabi yana fita. Idan ka riƙe ta yadda aka saba, hoton a tsaye yake fitowa, ba a kwance ba, wanda ya dace da mutum a tsaye gaban maƙerarsa. Na fara ɗauka bibbiyu da niyya, ɗaya fuskar mutum, na kusa da shi hannunsa a kan aiki, don a kan fim suna zama kafaɗa da kafaɗa.

Cikin rumfuna akwai duhu, jan harshen Pen yakan taso ya hana ni. A nan XA2 take karɓa, domin tana iya barin idonta a buɗe har daƙiƙa biyu. Sai in jingina gwiwar hannu a kan durom in riƙe numfashi. Hoton da ya fi burge ni zuwa yanzu a haka ya samu: ana tsiyaya narkakken alminiyam cikin ƙasar zubi, hannun mai zubin ya ɗan gauraye saboda motsi, fuskarsa kuwa tsaf.

Kati kuwa, a yanzu dabara nake yi. Ina ɗora fim a kan farin haske, in ɗauka da waya da ƙaramin gilashin kusantowa, in juya baƙi da fari a kwamfuta, in kai masu buga hoto su fitar. Ba haka nake so ya ƙare ba, amma alkawari ba ya jiran kayan aiki. Yau na raba kati goma sha huɗu. Maƙerin nan ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, ya ce a ƙara masa ɗaya zai aika wa mahaifiyarsa a ƙauye.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ƙura. Jiƙaƙƙen fim duk abin da ya sauka a kansa ya zauna ke nan, a rabin gida kuma ƙwayar ƙura ɗaya tana iya rufe idon mutum. Abin da ya yi min magani: in zuba tafasasshen ruwa a bokiti a banɗaki in rufe ƙofa, tururin ya kwantar da ƙurar, sannan in rataye fim in fita, kada kowa ya buɗe sai bayan awa biyu. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota nake yi, wanda ba a sa masa asid ba, don ruwan rijiyarmu yana barin farin tabo.

Hazo kansa ba abokin gaba ba ne. Yana tausasa rana, inuwar hula ba ta cinye ido, fuska tana fita da kyau. Nesa ce kawai take ɓacewa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na je Kakuri don in ɗauki katangun masaƙu, na dawo da wani aikin da ban tafi nema ba.

Wanda bai san Kakuri a da ba zai yi wuya ya gane abin da aka rasa. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa Textiles, ga kuma kamfanin haɗa Peugeot da aka buɗe a 1975. Idan aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi. KTL ta rufe a 2002. Yanzu ciyawa ce da tsatsa, da tsofaffin ma'aikata a bakin shaguna.

Ina ɗaukar wata ƙofa sai wani dattijo ya tsaya yana kallon hannuna, ba fuskata ba. Ya ce, "Ɗana, Pen ce wannan?" Na ce ita ce, Baba. Ashe shagon hoto ya riƙe a unguwar tun ƙarshen shekarun 1970 har dijital ta kore shi. Ya ja ni gidansa, ya sa jikansa ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Nagetif ne cike, wato wankakken fim da ake fitar da kati daga gare shi, wasu a ambulan, wasu a naɗe da roba. Hoton fasfo na masu neman aiki a masaƙa, bikin suna, ƙungiyar ƙwallon ma'aikata, amarya da ango a kan sabuwar Vespa, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo a layi ɗaya sanye da rigar aiki iri ɗaya. Kaduna ce da yaranmu ba su gani ba, da yawansu ma ba za su yarda an yi ta ba.

Amma da ya ɗaga murfin, wani tsami ya bugi hancina, irin na binega. Wannan ciwo ne sananne na fim ɗin da aka yi da robar da ake kira asitet. Zafi da laima suna sa jikin fim ɗin ya fara sakin asid, asid ɗin ya ƙara hanzarta ruɓewar, fim ya yanƙwane ya tattare, hoton ya ɓare. Akwatin da aka rufe ruf tana tara tururin, mai ciwo ya shafa wa mai lafiya. Ba a warkar da wanda ya kamu, sai dai a rage masa gudu a kuma kwafe hoton tun yana ganuwa.

Na ce, "Baba, a ba ni izini in ware masu warin daga sauran, in kwafe su." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara ashirin ba wanda ya tambaye ni akwatin nan. Amma ba za ta bar gidan nan ba. Ka zo nan ka yi." Na yarda, kuma ina ganin daidai ya yi. Mun tsayar da Asabar.

Abin yana ci min rai. Muna da Gidan Arewa, muna da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a nan Kaduna, suna riƙe da takardun gwamnati da na manya. Hoton talaka kuwa yana ƙarƙashin gadon masu hoton unguwa, kuma irin Baba nawa ne suka rage a Tudun Wada da Sabon Tasha da Kawo? A Bamako an kula da nagetif ɗin Malick Sidibé da Seydou Keïta har duniya ta san su, alhali su ma masu shagon hoto ne na unguwa.

Da zan tafi ya nuna min wani abu a lulluɓe da buhu a bayan ƙofa. Enlaja ce, injin da ake haska nagetif a kan takarda a fitar da kati.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi, ga zafi ya sauka. Ruwan famfo ya haura digiri 30, na randa yana wajen 24. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru sai an rage kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin wanki, idan kuwa lokacin ya gaza minti biyar wankin ba ya fita bai ɗaya. Bayan sahur nake yi yanzu, in tsoma kwalaben duka cikin roba ɗaya da ƙanƙara har su daidaita. Dole ruwan wanki da fiksa da na ɗauraya su kasance kusa da juna a sanyi. Idan fim ya fito daga mai sanyi ya faɗa mai ɗumi, fatarsa tana tsattsagewa kamar ƙasar fadama a bazara, kuma ba gyara.

Fim mai kala kuwa digiri 38 yake so, zafin da muke da shi kyauta a watan nan. Sinadaransa ne ban samu a gari ba.

Na rage fita. Asabar ta Baba ce.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, kuma a ranar na fito da kyamarar kawu.

Kodak ta fito da fim na 110 a 1972. Faɗinsa milimita 16, hoton kuma 13 a 17, yana zuwa a rufe cikin ƙaramin gida na roba, ka jefa shi ciki ka rufe, ba zare ba naɗi. Sauƙin nan ne ya sa ya shiga jakar alhazai da ɗalibai. Fujifilm ta daina yinsa a 2009, aka ɗauka ya tafi ke nan, sai kamfanin Lomography ya dawo da shi a 2012. Guda biyu masu kala na samu, da tsada. Su na ware wa gida.

Gwaggo, matar marigayin, ta gane ta tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Kai, ina ka tono wannan? Da ita ya ɗauke ni ranar sunan yayarka." Ta shiga ɗaki ta sauya mayafi, ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida inda rana take, ta zauna ta ɗora hannu bisa hannu, ta daina motsi ɗungum. Ba wanda ya gaya mata. Mutanen da suka saba da fim sun san sau ɗaya ake dannawa, suna ba hoton girmansa. Na lura har yaran da suka zo bayanta sun kwaikwayi zamanta.

Asabar, 10 ga Mayu

Na 110 sun dawo daga Legas, can na aika aka wanke, tun da masu kala ne kuma faifan tankina ba ya kama milimita 16. A nan sharaɗina na wankewa a gida bai cika ba. Hotunan suna da tsakuwa-tsakuwa, gefensu ba kaifi, kuma duk wanda aka ɗauka a inuwa ya yi duhu, domin kyamarar don rana aka yi ta ko filasha. Na tsakar gida sun yi kyau a ƙaramin kati. Na Gwaggo yana jikin bangonta. Ra'ayina dai, 110 ta zumunci ce. Wanda zai fara wannan sha'awa a Kaduna ya nemi mai cin fim na milimita 35.

Bakin kogi nake bi da XA2 kafin ruwa ya cika: masu wanki a kan duwatsu, masu ɗiban yashi, masu lambu a Kabala. Na shiga filin shaƙatawa na Gamji na ɗauki gadar ƙafa ta Lugard, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kwaso ta zuwa nan a 1954. Hoton bai ce komai ba sai da wasu 'yan makaranta suka hau.

Kaduna gari ne na barikoki da ofisoshin tsaro. Kusa da su kyamara ba ta fita daga aljihuna, haka a shingen bincike. Mata kuma ba na ɗauka sai da yardarsu, a wasu gidajen har da ta maigida. An hana ni a wurare, na yi godiya na wuce.

Asabar, 28 ga Yuni

Damina ta zauna, abokin gaba ya sauya. Funfuna tana tsirowa a cikin gilashin kyamara idan laima ta yi yawa a wuri mai duhu, ta yi zare-zare, idan ta daɗe ta ci fuskar gilashin. Jakar fata da cikin durowa su ne gidanta. Kyamarorin suna cikin robar abinci mai murfi tare da ƙullin silika irin wanda ake samu a kwalin takalmi da na magani. Idan ya sha ruwa in gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan ya bushe in mayar. Fim ɗin da ban ɗauka ba yana firji, amma sai ya yi awa biyu a waje kafin in buɗe gwangwaninsa, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa.

Baba ya ce in ɗauki enlaja. "Ita ta fita, akwati ce ba za ta fita ba." Mun wanke gilasanta, mai gyaran rediyo ya sauya mata waya, kwan ma an samu. Takardar bugawa ce babu, na ba da saƙo.

A akwatin mun ware masu ciwo, sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sauran mun cire musu roba mun sa su a ambulan na takarda. Ina kwafa, Baba yana faɗin abin da ya tuna, jikansa yana rubutawa a littafi: shekara, unguwa, wane biki. Sunayen mutane suna cikin littafin, littafin kuma yana gidan. Ba zan fitar da hoton kowa ba sai an sami iyalinsa an tambaye su.

Asabar, 23 ga Agusta

Takarda ta iso makon jiya, mai inci 5 a 7. Ranar Alhamis da dare na ɗauko Baba a Keke Napep zuwa gidana, muka mayar da kicin ɗakin duhu. Jan kwano muka kifa a kan ƙaramin kwan lantarki, muka gwada shi tukuna: aka ajiye tsabar kuɗi a kan guntun takarda minti biyar, aka wanke, ba a ga zagayenta ba, wato hasken bai taɓa takardar ba. Enlajar a kan batirin sola muka haɗa ta, domin wutar gari tana hawa tana sauka, hasken kwan yana bin ta, kati biyu da aka ba lokaci ɗaya sai su fito daban.

Nagetif na Pen sai an faɗaɗa shi wajen sau bakwai kafin ya cika takardar, don haka kan injin ya hau sama sosai. Na yanka siririyar takarda zan yi gwajin daƙiƙa biyu-biyu. Baba ya leƙa hasken da ya sauka a katako ya ce, "Ba shi goma sha biyu, ka tare min fuskar nan da hannu daƙiƙa uku." Na yi gwajina duk da haka, gwajin ya nuna goma sha biyu. Hoton mai zubin alminiyam muka fara bugawa. Baƙinsa ya fi na katin kwamfuta zurfi nesa ba kusa ba, kuma tartsatsin da na ɗauka ya ɓace ashe yana nan a nagetif.

Kati tara muka fitar kafin ƙarfe ɗaya, huɗu nawa, biyar daga akwatinsa. Cikin nasa akwai ƙungiyar ƙwallon masaƙa, ya ce mutum uku a ciki suna raye a Kakuri da Nasarawa, jikansa ya san gidajen biyu.

Takardar da ta rage ba za ta kai ga kowa ba, don haka mutanen Panteka da suka riga suka karɓi na kwamfuta za su jira zuwa saƙo na gaba. Masu wanki na bakin kogi ba su karɓi komai ba tukuna, kuma ruwa ya tashe su daga inda na same su, sai na bi ta wurin masu lambu in tambayi inda suka koma. A akwatin Baba saura fiye da rabi ba a kwafa ba. Ya kuma ba ni kwatancen wani abokin sana'arsa a Tudun Wada da yake jin bai zubar da nasa nagetif ɗin ba. Ranar Talata bayan la'asar za mu je tare.